Furen Lallen Aurena

Ina kaɗin zare yau da hantsi sai wani ƙamshi ya buge ni. Ashe matar ɗana ce ta buɗe adudu, ta ga busasshen fure cikin ƙyallen saƙi, ta zaci turare ne, ta juye furen a garwashi.

Furen lallen aurena ne. Goggo, ƙanwar babana, ita ta tsinko shi a bayan danga ranar da aka sa ni a lalle. Ta jera shi kan saƙi kamar zanen ƙwarya, ta danne da tsohon dutsen niƙa. Sai bayan girbin gero ta kawo mini shi gidan aurena a Bici, ya kwanta luf, haskensa bai dushe ba.

Na ce, "Goggo, yaya kika yi bai yi baƙi ba?"

Ta ce, "Ke dai ajiye, wata rana zan nuna miki."

Amsarta ke nan kullum, har ta koma ga Allah. Duk auren 'ya'yana na gwada, nawa ruɓewa yake yi.

Matar ɗan nawa sai haƙuri take ba ni, na rasa wa zan yi wa faɗa. Allah ya cika kabarinki da ƙamshi, Goggo. Amma da kin nuna mini.