Ranar da Na Yi wa Honarabul Tafinta

Shekarun baya, ni ne tafintan layinmu a Agege, can Legas. A nan aka haife ni, Yarabanci kamar in sha ruwa, Turanci ma ba laifi, don haka ko ɗan sanda ne ya shigo layi ni ake kira. Kuma gaskiya abin yana fasa min kai.

Ina da wani aboki da ke sauke kaya a wani kamfanin ajiyar daskararren kifi a Apapa. Shekara tara yana shiga ɗakin sanyin nan, ba safar hannu, ba katin aiki. A takarda shi da abokan aikinsa ba ma'aikata ba ne, "masu zuwa taimako" ne. Da abin ya ishe su suka shiga yajin aiki, suka zauna a bakin ƙofar kamfanin suna neman a ba su kati. Rana ta uku aka kawo masu bindiga su tashe su. Abokina bai dawo gida ba.

Washegari ɗan majalisar yankin ya fito a rediyo ya ce ɓata-gari ne suka kutsa cikin ma'aikata, aka yi artabu. Hujjarsa? Wai an duba, mamacin ba shi da katin kamfani. Jama'a, katin da ya mutu yana nema!

Mahaifin abokina ya taso daga ƙauyensu can ƙasar Sakkwato, muka yi masa shimfiɗa a ƙofar masallaci ana karɓar gaisuwa. Sai aka aiko cewa Honarabul, wato ɗan majalisar nan, zai zo ta'aziyya, ana son tafinta. Ku ji rashin hankalina: abokina na kwance a kabari, ni kuwa har da goge babbar riga, don an ce za a zo da kyamara.

Honarabul ya iso da motoci da masu bindiga da buhunan shinkafa. Wani ya koya masa kalma biyu, ya durƙusa ya ce, "Baba, ya haƙuri?"

Tsoho ya ce, "Da godiya." Amsar da kowane Bahaushe ke bayarwa ke nan a zaman makoki, ko da zuciyarsa na tafasa.

Daga nan ya riƙe hannuna. "Ɗana, ka hwaɗa mishi ban zo neman shinkahwa ba. Yarona ba ɓata-gari ba na, ma'aikaci na. Ni na yi mai wanka, na ga yatsunai yadda sanyi ya cinye su. Ya koma inda ya hwaɗi waccan magana ya gyara ta, don ɗiyanshi za su girma su ji."

Abin da yake so ke nan kaɗai. Na buɗe baki zan fassara, sai na ji mai riƙe wa Honarabul jaka ya matso kunnena. "Malam, a taƙaita, oga na sauri. Kuma ka san kyamara na ɗauka, ko?" Na dubi masu bindigar da ke bayansa, na dubi manyan unguwa suna min ido wai kar a kunyata baƙo.

Na ce da Yarabanci, "Baba ya ce ya gode, kuma ɗansa mutumin kirki ne."

Honarabul ya gyaɗa kai, ya ce za a kafa kwamiti, aka ɗauki hoto da buhunan. Da yamma rediyo ta ce iyalan mamacin sun rungumi ƙaddara, sun kuma yaba wa ɗan majalisa. Kwamitin nan har yau ban ga wanda ya ga rahotonsa ba. Daga baya kamfanin ya ba wasu kati, Honarabul ya sa wannan a allon kamfen ɗinsa, aka kuma sake zaɓensa.

Bayan addu'ar bakwai na raka tsoho tasha. Ina ɗauke da jakarsa, abin yana cina, na ce, "Baba, akwai abin da zan faɗa maka game da ranar nan."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Ban jin Yarabanci, amma ina da kunne. Ni na yi magana mai tsawo, kai ka yi gajera."

Bai zage ni ba, har albarka ya sa min. Da ma zagina ya yi.

Har yau in na tuna haushi ke kama ni, na Honarabul da na kaina, kuma nawa ya fi. Na daina tafinta tun daga lokacin. Kuma duk ranar da aka harbi ma'aikaci na ji rediyo ta ce iyalansa sun yi haƙuri sun gode, ba na tambayar me suka ce. Tambayata ita ce, wa ya fassara?