Ranar da Fitilar Yaya Ta Ƙi Kallon Hanya

Ko da zan tsufa har haƙorana su zube, ba na jin zan manta da ranar da yayana ya sa wa babur ɗinsa sabuwar fitila, aka kuma ɗora ni a baya da kular ƙauri a cinya. Yanzu in na ba da labarin, mutane dariya suke yi har da riƙe ciki, ni ma ina taya su, amma wallahi har yau in na ga hasken babur ya motsa a jikin katanga sai gabana ya faɗi.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, muna zaune a Kazaure. Babbar yayarmu mace, wadda muke kira Adda, ta yi haihuwar fari a wani ƙauye bayan Roni inda take aure. Mijinta ya aiko da ƙafafun saniya, Inna ta ce ita za ta dafa ƙaurin da hannunta, don ranar ne matan dangin mijin za su taru su ɗanɗana, su ga irin gidan da Adda ta fito. Tun da asuba ta ɗora tukunya. Da ta juye a kula ta dube ni ta ce, "Ko cokali ɗaya ya zube a hanya, ke da ni ne."

Yaya ne zai kai ni bayan la'asar. Sai dai a ranar ne fitilar da ya yi wata yana damun mu da zancenta ta iso daga Kano. A waya ya ganta. Wai in babur ya kwanta zai sha kwana, hasken da kansa yake karkata ya leƙa cikin kwanar tun kafin ka shiga. Da shirun ya yi yawa Inna ta aike ni rumfar bakanikensa in kira shi. Na same su sun kwance kan babur ɗin, wayoyi ja da baƙi sun zazzago kamar hanjin kaza.

"Yaya, Inna ta ce ƙaurin zai huce."

"Ke dalla, tsaya ki ga fasaha. Wannan fitilar ta fi ki hankali."

Bakaniken ya ce saura abu ɗaya, akwai wani ɗan maɓalli da za a danna a riƙe, daga nan fitilar za ta haddace yadda babur yake in yana tsaye sak. Ya danna, ta yi ƙyafta-ƙyafta, suka tafa. Abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne babur ɗin a jingine yake kan ƙaramar ƙafarsa ta gefen hagu, don babbar ta tsakiya ta karye tun bara. Kenan baiwar Allah a karkace ta haddace duniya. Kuma da sauran rana aka gwada ta, lokacin da ko fitilar aci-balbal ka kunna ba za ka san inda ta dosa ba.

Sai bayan magariba muka tashi. Na zauna a gefe saboda zane, ƙafafuna duka a hagu, na rungume kular. A cikin gari akwai hasken shaguna, ban lura da komai ba sai da muka wuce teburin wani mai shayi na ji an kwarma mana ihu, "Kai mai babur! Idonmu kake nema?" Yaya ya ce hassada ce kawai.

Muna barin kwalta muka shiga hanyar ƙasa, abin ya bayyana. Gabanmu duhu, amma dajin da ke hannun dama fes kamar ana biki. Ni kuma yadda na zauna, dama ɗin nan ita ce bayana. Na waiwaya na ga kututture, na ga suri, na ga wata tsamiya ta fito fili da dukan rassanta.

"Yaya, me take kallo a bayana?"

"Ba komai. Sabuwa ce, tana koyon hanya."

Muryarsa ba ta yi kama da ta wanda ya yarda da abin da yake faɗa ba. Tsoro ya sa na duƙa na kifa kaina kan kular. Ina duƙawa babur ya ɗan gyara kwanciya, hasken ya ƙara nausawa cikin daji. Na ɗago a firgice, ya ɗan dawo. Na sake duƙawa, ya sake tafiya. A lokacin wa zai gaya mini nauyina ne ke karkata babur ɗin? Abin da na gane kawai shi ne wannan abin yana sane da ni, kuma duk sanda na ɓoye fuskata sai ya juya ya nuna wa wani inda nake.

"Ki daina motsi!"

"Ita ce ke motsi! Yaya, don girman Allah, a ina ka sayo ta? Ta wa ce da?"

"Ki yi addu'a ki rufe mini baki."

Na fara karanta duk abin da na iya, har addu'ar shiga kasuwa sai da na yi. Shi ma na ji yana nasa a hankali, yana tuƙi yana lalube da ƙafa.

A wata 'yar gangara hasken ya faɗa kan idanu. Ba biyu ba, ba huɗu ba, idanu ne birjik, kore-kore, wasu sama wasu ƙasa, babu jiki, duk suna kallona. Ban san sanda na saki ƙara na cafko wuyan rigar Yaya da hannu ɗaya ba. Babur ya yi dama, ya yi hagu, ya tsunduma cikin yashi, sai ga mu a ƙasa.

Na tsinci kaina a zaune, hannuna ɗaya har yanzu a kan kular, murfin ya buɗe, wani abu mai zafi yana bin cikina. Na ce shi ke nan, jini ne. Sai na ji ƙamshin citta da kanumfari. Daga cikin idanun nan kuma ɗaya ta ce, "Muuu."

Wani dattijo makiyayi ya fito daga cikin shanunsa da sanda a kafaɗa. "Sannunku, sannunku. Ba ku ji ciwo ba? Tun daga can nake ganin kuna haska mini shanu, na ce ko masu saye ne."

Ya taya Yaya ɗaga babur. Yaya ya taka ƙaramar ƙafar ya jingine shi don ya duba ni. Yana jingine shi, fitilar ta miƙe ta haska hanya sambal, har can gaba. Ya tayar da shi tsaye, ta koma kan shanu. Ya jingine, ta dawo. Sai ya dafe kai.

"Innalillahi. A jingine muka saita ta."

"To ku tafi da shi a jinginen mana," in ji dattijon.

Haka kuwa aka yi, don na rantse ba zan sake hawa ba. Yaya ya turo babur a karkace, ya kwantar da shi a ƙugunsa yana nishi, fitila tana haska mana hanya tamkar ba ita ba. Ni ina biye da kula a ka, hijabina sharkaf da romo, karnukan makiyayin biyu suna bina a baya cikin ladabi.

Mun shiga gidan Adda mata sun cika tsakar gida suna jira. Uwar mijin Adda ta karɓi kular ta shiga da ita madafa, na bi ta. Ta buɗe. Nama yana nan cif, romo kuwa sai ɗan abin da ya kwanta a ƙasa. Ta dubi kular, ta dubi hijabina, ta matso ta shinshina ni.

"'Yar nan, ai ke aka dafa."

Na fashe da kuka ina ba ta labari, ita kuma tana dariya har da share hawaye da gefen zane. Ta tura ƙyaure da ƙafa, ta ɗora ruwan zafi, ta zuba yaji da ɗan gishiri, ta juye naman ciki ya tafaso. Matan suka ci suna ta yaba hannun Inna, ba wadda ta gane an ƙara ruwa. Inna ba ta taɓa jin zancen daga bakin matar nan ba, Allah ya saka mata da alheri.

Abin da na koya shi ne, duk abin da aka yi domin duhu, a gwada shi cikin duhu tukuna, kuma a ƙofar gida. In kuwa wani ya ce miki sabon kayansa ya fi ki hankali, ki bar shi ya fara zuwa shi kaɗai ya dawo lafiya, sannan ki hau.