Motar da Ke Yin Shiru a Kan Tudu

Ranakun aiki da yawa sun shige ba su bar mini komai ba, amma ban taɓa mantawa da ranar da motar Agali ta sake shigowa garejinmu tana zubar da hayaƙi ba. Lokacin kaka ne, an gama girbi, motocin ƙauye ba su da hutu. Ni kuwa ban daɗe da zama shef na ɓangaren inji ba. Ku da kuka zo kwanan nan, ku sani: a garejinmu na Tahoua mutum yana farawa da wanke ƙarafa, ya hau zuwa kwancewa da ɗaurewa, in Allah ya yi a ba shi shef. Shef shi ne mai cewa inji ya yi ko bai yi ba, kuma sunansa ke bin motar duk inda ta nufa.

Agali direba ne, mutumin arewa, Tamashek yake yi a gida, Hausa a kasuwa. Motarsa ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe, da ita yake jigilar mutane da kaya a hanyar Takanamat. Da farko injin ne ya gaji. Muka sauke shi, muka kwance shi ƙarfe-ƙarfe, muka sa sabbin piston da zobbansu, muka sabunta cikin turbo. Ga wanda bai sani ba, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta tura iska cikin injin ya ƙara ƙarfi. Tana juyawa da gudu na fitar hankali, tana zafi sosai, kuma man inji ne kawai ke hana sandarta cin wuta.

Ba a daɗe ba turbon ta mutu. Na sake ta, na wanke bututun mai, na sauya abin tace mai. Ga motar kuma ta dawo. Maigidanmu, Alhaji Sule, ya kira ni gefe.

"Ilya, mi ka hwaruwa da wagga mota? Mutane sun hwara magana a tasha. In ta sake dawowa, sai in ba wani matsayinka na shef."

Na ji ciwon maganar, ba zan ɓoye ba. Amma da na buɗe turbon sai mamaki ya fi ƙarfin ɓacin raina. Mai ya ƙone a kan sandar ya yi baƙi, ya manne kamar ƙanzon tuwo. Wannan alama ce ta wanda ke kashe inji da zafinsa. To amma sauran injin tas yake, man sabo, domin Agali ya fi kowa lallaɓa mota. Na tambaye shi ko yana barin injin ya huce in ya isa tasha, kamar yadda na gaya masa.

"Wallahi, shef, sai na sha ruwa na gaisa da mutane sannan nika kashe ta."

Agali ba ya ƙarya. Sanda kuma ba ta ƙarya. Abin ya tsaya mini a rai har tuwo ya daina yi mini daɗi. Na gyara turbon, na roƙi Alhaji ya bar ni in bi motar ranar kasuwa. Ya ce in tafi, gani ya kori ji.

Muka tashi da hantsi, an cika baya da buhuna da awaki da mutane. Ina gaba kusa da Agali, kunnena na kan injin. Tuƙinsa ba abin kushewa. Can muka shiga yashi mai zurfi, daga nan muka kama wani dogon tudu. Injin ya dage, turbo tana fito, na san yanzu ta yi zafin da ba a ko kusantarta. Muna kaiwa ƙololuwa sai Agali ya miƙa hannu ya murɗa makulli.

Mota ta yi tsit, ta fara gangarawa a hankali. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga leɓunansa na motsi. Na waiga baya, duk fasinjoji sun ɗaga tafin hannu, har 'yan matan da suka cika mu da surutu sun yi shiru. A hannun dama ga kaburbura, an jera musu duwatsu an kewaye da ƙaya. Sai da muka kai ƙasa ya shafa fuska ya tayar da injin.

"Kullum haka kaka yi?" na tambaye shi.

"Zuwa da dawowa. Baba Idi na kwance nan, shi ya koya min tuƙi. Ya ce da ni, ya sha ƙarar inji duk rayuwatai, in ya mutu kar in wuce shi da ita."

Ya ce mai yiwuwa da wasa tsohon ya faɗa, amma bai samu ya tambaye shi ba. Na bayyana masa abin da ke faruwa: in inji ya tsaya, mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a kan sandar sai ya soye. Na ƙara da cewa birki ma yana tauri in inji a kashe yake. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce:

"To, shef, sai dai ta ƙone."

Ga matsayina na lilo, ga mutum da alkawarin mamaci a wuyansa, kuma ban ga fuskar da zan ce masa ya karya ba. Duk yinin kasuwa ina zaune ƙarƙashin rumfar mai shayi ina juya abin.

Da muka kamo hanyar gida, muka hau tudun ta ɗaya gefen, na ce ya tsaya kafin maƙabartar, gindin wata aduwa, kar ya taɓa makulli. Na ce ya bar injin yana numfashi a hankali gwargwadon yadda mutum zai yi alwala a natse. Bayan nan ya kashe, ya taka da ƙafa ya gai da maigidansa, ya dawo mu tura motar ta wuce wurin a hankali, hannunsa kan birkin hannu. Ya dubi kaburburan.

"Cewa ya yi kar in wuce shi da ƙara," in ji shi. "Bai ce kar in tsaya ba. Ka ga ma tun da anka binne shi ban taɓa sauka ba."

Da injin ya huce ya kashe shi, ya sauka. Ya daɗe a tsugune, ba wanda ya ce ya yi sauri.

Motar ba ta sake dawowa da wannan ciwon ba. Da Alhaji ya tambaye ni abin da na sauya a wannan karo, na ce ban sauya komai ba, tsayawa kawai na ƙara wa tafiyar. Ya dube ni kamar na zautu, amma matsayin shef ɗin ya zauna a hannuna.

Shi ya sa nake gaya muku, in ƙarfe ya nuna muku abu, direba ya faɗi wani, kar ku yi saurin cewa ɗayansu ya yi ƙarya. Ku shiga motar ku bi shi. Mu a gareji inji muke gani, amma abin da ke kashe shi yana can kan hanya, wani lokacin kuma abin kirki ne. Tsohuwar motata ba ta da turbo, ban kuma san Baba Idi ba ko a hoto. Duk da haka in hanya ta kai ni tudun nan, nakan tsaya gindin aduwa in kashe injin.