Gwangwanin Allurar Zulai

Ranar Talata ce. Na tashi kafin kiran assalatu kamar kullum, na dama koko, na soya ƙosai, na sayar wa leburori masu sammako. Ɗakinmu a unguwar Nima yake, a Accra, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere, bayan babban kwatami. Mijina ya daɗe da rasuwa. Daga ni sai 'yata Zulai, mai shekara goma sha shida.

Da amosanin jini aka haifi Zulai, wanda asibiti ke kira sikila. Ciwonta iri biyu ne. Akwai na kullum, wanda ya zauna mata a ƙugu da gwiwoyi ya zama ɗan gida. Wannan mun iya shi: gashi da ruwan ɗumi, tausa da man kaɗanya, farar ƙwaya da safe, sai yawan shan ruwa. Akwai kuma mai zuwa ba sallama, musamman in sanyi ya taɓa ta. Wannan ba ya jin gashi. Takan ce ji take kamar ana daka mata ƙashi a turmi. Sai allura.

A shekarun nan asibiti ba magani. Likita ya rubuta miki, ya ce ki je ki nemo. Direbobi masu zuwa Lome, can ƙetaren iyaka, nake roƙa, suna kawo mini ɗaya-ɗaya, har na tara 'yan kwalabe a gwangwanin biskit ƙarƙashin gado. Mai yi mata allurar Idi ne, ƙanin mijina. A hannuna ya tashi, ni na riƙa yi masa wanka yana ƙarami. Ya taɓa aiki a asibiti, daga baya ya buɗe ɗan shagon magani a unguwar Maamobi. Ban da ni da Zulai, shi kaɗai ya san inda gwangwanin yake.

Sojoji ne ke riƙe da ƙasar. Suna bin kasuwanni suna neman masu ɓoye kaya don su tsauwala farashi, abin da ake kira kalabule. Muna jin labari daga masu zuwa cikin gari. Ban taɓa sa kaina a ciki ba. Mai koko me za ta ɓoye?

Da hantsi Zulai na zaune a bakin ƙofa tana tsintar wake. Muka ji babbar mota ta ci birki a titi. Rediyon maƙwabta ya yi shiru. Sai ƙarar takalman sojoji a kan katakon da ake tsallake kwatami da shi.

Idi ne a gabansu. Rigarsa a yage, leɓensa a fashe.

"Nuna ta!"

Idi ya ɗaga hannu ya nuna ni. Bai dube ni ba.

"Ita ce mai kayan. A wurinta nake saye."

Suka shiga ɗaki. Ba su yi wani bincike ba. Kai tsaye aka nufi ƙarƙashin gado. Babbansu ya buɗe gwangwanin a tsakar gida, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

Na ce maganin yarinya ne. Na ce ku tambayi Idi, shi ke yi mata. Idi yana kallon ƙasa.

"Kwanta!"

Suka kwantar da ni rub da ciki a kan benci. Biyu suka taka mini hannuwa. Da bel ɗin soja aka fara, daga baya aka koma igiyar wayar lantarki. Ina jin ƙararta a iska kafin ta sauka. Zulai ta taso ta faɗa a kaina. Ɗaya ya fizge ta ya hankaɗa, ta faɗa kan bahon wanki, ruwan ya kife mata daga kai har ƙafa. Ina kwance ana dukana, abin da ke raina ruwan nan ne. Na yi ta kiran matan gida su canja mata zane. Ƙofofi duk a rufe.

"Gobe za mu dawo. Ki fito da sauran, ko ki kwana a bariki."

Babu sauran. Suka tafi da gwangwanin, suka tafi da Idi.

Mutum ɗaya ce ta fito, Iya Adisa, tsohuwa mai sayar da goro. Ta wanke mini baya da ruwan gishiri, na ciji gefen zanena. Ta shafa man kaɗanya, ta lulluɓa mini tsohon mayafi. Bayan azahar mai gidan hayar ya zo ya tsaya nesa da ƙofa. Ya ce, "Maman Zulai, ki yi haƙuri. Gidan nan da yara." Na gane. A Nima aka binne cibiyata, amma ranar ba wanda ya ce zo ki ɓuya a ɗakina.

Muka ɗaure kaya a zane ɗaya. Muka shiga trotro, ƙaramar motar haya, zuwa tasha, muka sami motar Aflao, garin bakin iyaka, don mu ƙetara Lome inda ake samun allurar. Ba na iya jingina, a duƙe na zauna. Duk shingen sojoji sai a sauke mu a zazzage kaya. Zulai ta riƙe ƙullin zanena.

Muna hawa gadar Sogakope hadari ya haɗu. Tagar motar ba gilashi. Na ga ta fara murza gwiwarta. Kafin magariba ciwon ya hau cinya, ya kama baya. Ta daina ɓoyewa. Ihunta ya cika motar. Na ba ta farar ƙwayar da ta rage a bakin zanena. Kamar na jefa tsakuwa a rijiya.

Muka tarar an rufe iyaka. A zangon Aflao, unguwar Hausawa, liman ya ba mu barandar masallaci. Ya yi mata tofi, ya wanke rubutu ta sha. Matarsa ta cika kwalba da ruwan zafi ta naɗe a tsumma, muna bin gaɓoɓin da ita. Ciwon yakan lafa kaɗan, sai ya dawo. Na san sunan abin da zai kwantar da shi. Na san launin kwalbar. Na san yana cikin motar sojoji a Accra.

Da gari ya waye wata mai kifi ta nuna mana hanya ta gonakin rogo. Zulai ba ta iya taka ƙasa. Na goya ta. Bayana ya sake buɗewa, ina jin jini na bin zane. Tana cewa, "Mama, sauke ni, ina ji miki ciwo." Ban sauke ta ba sai da na ji ana Faransanci, na san mun ƙetare iyaka.

A wani ƙaramin asibitin mishan a Lome aka karɓe ta. Suka yi mata allura, suka ɗaura ruwa. Ina kallo fuskarta ta saki, yatsunta suka buɗe. Ta yi barci. Na ce alhamdulillahi. Amma likitar ta sa kunne a ƙirjinta ta daɗe. Ta ce an makara, ciwon ya shiga huhu.

Da ta farka muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Mama, sun saki Baba Idi?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Sun fasa masa baki." Na ce na gani.

Na gani ɗin. Na san an dake shi, kuma na san duka na sa mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Da a nan ya tsaya, da na bar wa Allah. Amma wani direba da ya san ni, wanda ya gan mu ranar da muka iso, ya dawo daga Accra ya same ni a asibitin. Ya ce tun washegari aka saki Idi, shagonsa a buɗe. Ya ce shi da kansa ya gaya masa inda muke, da halin da yarinyar ke ciki. Idi ya ce to. Bai zo ba. Bai aiko ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba numfashinta ya tsaya. Ba ta yi ihu ba, allurar na aiki. Mutanen zangon Lome suka yi mata sutura. Maza shida ne suka bi gawarta, ba wanda ya san sunan ubanta sai da na faɗa. Hannuna na hagu bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Ban koma Nima ba. Saura wata biyu ta cika sha bakwai.