Saje Ya Ce Da Sauƙi

Mijina tsohon soja ne. A garinmu na gefen ruwan Tiga babu mai kiran sunansa, Saje ake ce masa, har Inna mahaifiyarsa. Da ya bar aiki ya dawo daga Arewa maso Gabas, abin da ya zo da shi akwati ne, da takalmansa na aiki, da wani tari da ya ƙi jin magani. A asibiti aka gwada jininsa, aka gwada nawa. Mu biyun muna ɗauke da ƙanjamau. Yaran ba su da shi.

Ba mu yi faɗa a kan wannan ba, ban san dalili ba. Mun hau mota muka dawo gida, na ɗora tuwo.

Maganin ya karɓe mu. Kowace safiya bayan sallar asuba sai in kawo ruwa a kofi, ya sha nasa in sha nawa. Tarin ya tafi. Ya karɓi lambun da aka ba mahaifinsa lokacin da ruwa ya cinye tsohon garinsu, ya shuka tumatir da albasa. Asibitin da muke karɓar magani yana da nisa, can ta hanyar Tudun Wada. Shi ya zaɓe shi, don kada mu haɗu da idon sani.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Na dai lura ya daina kunna rediyo. Daga nan ya daina fita hira ƙofar masallaci. Injin ban ruwa ya yi ta zama a zaure har tumatir ya bushe a tsaye. Sai ya zauna a tabarma yana kallon bango tun hantsi har azahar. In babur ya yi ƙara a waje, kafaɗarsa ta ɗaga, shi ke nan. Amma kullum sai ya yi wanka ya sa kaya masu guga, ya goge takalman nan da ba ya zuwa ko'ina da su sai asibiti. Duk wanda ya gan shi cewa yake Saje ya murmure.

Inna ta kawo rubutu. Ya sha, ya yi mata godiya.

Ma'aikaciyar jinyar da ke ba mu magani, Sista muke ce mata. Mace ce mai barkwanci.

"Oga Saje! Wannan takalmi ai sai in gyara ɗankwalina a ciki. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Sista."

Ta ce gwajinsa ya yi kyau, ƙwayar cutar ta kwanta. Sannan ta ce yanzu an ce su riƙa tambayar mutane halin da zuciyarsu take ciki, domin akwai ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar kowane ciwo.

"Kana samun barci? Abin da kake jin daɗinsa a da, har yanzu kana jin daɗinsa?"

Sai ya miƙe tsaye, hannuwa a gefe, kamar yana gaban babbansa a bariki.

"Babu matsala, Sista. Alhamdu lillahi."

Ƙofa a buɗe take, mutanen da ke layi suna ji. Ta dube ni.

"Uwargida, haka ne?"

Mu haka muka tashi. Mara lafiya ba ya cewa babu sauƙi, ko da yana kan gargara, don kamar rashin godiya ne ga Allah. Mace kuma ba ta ƙaryata mijinta a gaban mutane. Ga soja a kan wannan duka. Na ce haka ne.

Da mako ya zagayo na koma ni kaɗai, na gaya mata komai, bangon da lambun da rediyon. Ta daina dariya. Ta ce akwai likita mai duba irin wannan da yake zuwa, ta faɗi ranar, ta ce in kawo shi.

Na gaya masa yana zaune a tabarma.

"Likitan mahaukata?"

"A'a, Baban yara. Na damuwa."

"Ke kika gaya mata?"

"Ni ce."

Sai ya ce, "Allah ya kai mu."

Ranar ta zo, bai goge takalman ba. Da na miƙa masa kofi ya mayar mini da shi a hankali.

"Sha naki."

Babu fushi a muryarsa. Daga ranar bai sake shan maganin ba. Na roƙe shi. Inna ta roƙe shi, duk da ita ba ta san na mene ne maganin ba. Na kira wani abokin aikinsa daga Kiru, ya zo ya yi ta tsokanarsa, wai mutumin da daji bai kayar ba tabarma za ta kayar? Saje ya yi murmushi, ya ce da sauƙi. Abokin ya fito ya ce mini in kwantar da hankalina, duk haka suke yi in sun dawo.

Da damina ta faɗi tarin ya dawo, da zazzaɓi. Lokacin da ya yarda aka ɗauke shi, ba ya iya tsayuwa. A gadon asibiti wani maƙwabci ya leƙo ya ce ya jiki. Na ga leɓensa sun motsa. Na san abin da ya ce. Washegari da la'asar ya rasu.

Ban yi kuka sosai ba. Mata suna shigowa suna cewa ya haƙuri, ina amsawa yadda ake amsawa.

Bayan na fita takaba na je karɓar maganina. Sista ta yi mini ta'aziyya, ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce ta daina farawa da ya jiki, tunda ta san amsar tun kafin a buɗe baki.

"Uwargida, jiya me kika dafa?"

Na yi tunani. "Yara sun ci a gidan Inna."

"Shekaranjiya fa?"

"Haka."

"Maganinki fa, kina sha?"

"Wani lokaci ina kallon kofin, sai in ga rana ta fito."

Ta faɗi ranar da likitan zai zo. Na ce Allah ya kai mu. Ta ce a'a, ba ta karɓi wannan ba, in ce mata zan zo. Na ce zan zo.

Na je, kuma ina zuwa. Ina shan nawa da asuba. Takalman suna ƙarƙashin gado, ban goge su ba, ban bayar da su ba.