Daddawar Inna a Gindin Firigo

Jiya da la'asar na ɗaga murfin firigo zan ciro miyar da na dafa tun Lahadi, sai sanyin nan mai warin leda da ƙanƙara ya bugi fuskata. Na daɗe tsaye riƙe da murfin ban ɗauki komai ba. In kina da irin wannan akwatin a gidanki, kin san warin da nake nufi. Ni duk sanda na shaƙe shi, abu biyu ne ke zo mini a rai: ɗakin girkin Inna a ƙauyenmu da ke hanyar Gabi, da kuma daddawarta ta ƙarshe, wadda ni da hannuna na sa a gindin akwatin nan don ina ganin na fi ta wayo.

Ɗakin girkin Inna ƙarami ne, bangonsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Saman murhu akwai ragaya uku, wato igiyoyin nan da ake saƙawa a rataye tukunya. Ɗaya ta busasshiyar kuɓewa da kuka, ɗaya ta kauɗar tumatir da bandar kifi, ta ukun kuwa ta daddawa ce, kuma ita ba mai taɓa ta sai Inna. Miyar gidanmu ta shekara guda tana rataye a wurin nan. Baba shi ke da rumbu, ya auno hatsi ya miƙo, ya gama nasa. Abin da zai sa tuwon ya wuce maƙogwaro, tun daga wata kaka har wata, wannan ciwon kan Inna ne ita kaɗai.

Da kaka tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. Tabarmi ne shimfiɗe ko'ina, kuɓewa yankakkiya a nan, ganyen yakuwa a can, ga barkono ja wur yana sa mu atishawa. Aikina shi ne korar kaji da awaki, kuma ban taɓa yin sa da zuciya ɗaya ba. In sanyi ya shigo, lambunan bakin tafki suka cika kasuwar Madarumfa da tumatir, sai mu yi sammako ni da ita. Amma kada ki ce sammakon na saye ne. Inna sai ta zaga kasuwa sau biyu hannunta a goye a baya, ta taɓa wannan, ta tambayi wancan, ta gaisa da rabin duniya, ba ta sayi ko allura ba. Sai rana ta karkata, masu lambu sun gaji, suna duban hanyar gida suna duban kwandunan da suka rage, sannan za ta tsuguna gaban wanda tumatirinsa ya fara laushi. Ni kuwa kunya kamar in nutse, don 'yan ajinmu na lakwal, wato makarantar boko, suna wucewa suna ganin uwata tana tsintar abin da kowa ya tsallake.

Wata rana na yi ƙunƙuni na ce mu sayi mai kyau mana. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Yanka shi za mu yi mu shanya. Rana ba ta tambayar wane ne mai kyawo." Ta ɗora mini kwando a kai muka kama hanya, ruwan tumatir yana bin wuyana har gida.

Duk wannan da sauƙi a kan aikin daddawa. Tamu ta batso ce, wadda ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. Da bazara ake yin ta, lokacin da zafi ya kai zafi, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Inna za ta tace tokar karan gero ta samu ruwan toka, ta ɗora babbar tukunya tun hantsi, a yi ta iza wuta har gurguzun ya yi laushi. Sai ta rufe shi ruf ta kai lungu, a bar shi kwanaki. Daga nan a daka, a sake rufewa, sannan a cuccura a shanya. Wannan iyakar abin da na sani ke nan, kuma kowace mace a ƙasar nan ta san haka. Abin da ya bambanta ta Inna da ta kowa yana cikin kwanakin rufewar nan. Ba ta ƙirga su. Kullum da safe za ta je lungun, ta ɗan ɗaga gefen faifai, ta kai hancinta, ta mayar. Wata shekarar kwana biyu, wata huɗu, ya danganta da zafi. Ran da ta ce ya yi, to ya yi.

Warin kuwa, Allah Ya sawwaƙe. Yana shiga zane, yana shiga gashi, yana bin mutum har aji. Akwai wata yarinya da ta laƙaba mini suna mai warin batso, kuma sunan ya bi ni shekara biyu. Saboda haka duk sanda Inna ta kira ni lungun nan, sai in toshe hanci.

"Taho ki sunsuna," take cewa. "Yau ne ta kai. Taho ki ji yadda take in ta kai."

Sai in ce ina da aikin lakwal, in suri littafi in gudu zaure. Ita kuma ba ta matsa mini, don tana alfahari da karatun nan nawa fiye da ni. Haka muka yi shekara da shekaru, tana kira ina gudu, har na bar gidan.

Amma da damina, in Baba da yayyena suka dawo daga noma jiƙe sharkaf, rumbu ya yi ƙasa, ba nama ba mai, sai Inna ta ɓallo ɗan curi guda ta daka da barkono, ta kaɗa kuka. Wallahi har yau ban ci miyar da ta kai wannan ba. Mai gudun warin nan ita ce kan gaba wajen suɗe ƙwarya, kuma yayyena ba sa mantawa su tuna mini.

Yanzu ni malamar lakwal ce a nan Madarumfa, 'ya'ya huɗu, maigida yana bisa hanyar Ɗan Issa kullum da mota. Na gaji, gaskiya, irin gajiyar da barci ba ya cirewa. Firigon nan na hannu muka saya, kuma ba zan zage shi ba, ya rufa mini asiri. Ranar kasuwa ni ma sai rana ta karkata nake zuwa, ni ma mai laushin nake tsinta, abin da na yi wa Inna ƙunƙuni a kansa. Sai dai ni ba na shanya. Markaɗe nake kaiwa, in tafasa, in ƙulla leda-leda. Lahadi kuwa tun safe ina tsaye gaban gaz, miyar mako guda nake yi in zuba a robobi, in yanka kifi in wanke in jera. Kafin la'asar bayana ya riƙe, ga takardun yara da ban duba ba. Wahalar da Inna take sha sau ɗaya a shekara, ni na raba ta gida hamsin ina sha kowane mako.

Ran da Inna ta fara ganin firigon ta zaga shi, ta ɗaga murfi ta leƙa, ta sa hannu ta janye da sauri. Ta ce, "To, in wutar ta tahi, mi ke tsaron kayan?" Na yi dariya na ce ai tana dawowa. Ta ce, "Uhm," ta je ta zauna a tabarma.

Bazarar da aka yi auren babbar 'yata, Inna ta yi daddawarta ta ƙarshe. Hannunta ya riga ya fara rawa, maƙwabciyarta ce ta yi mata dakan, amma sunsunawar ita ta yi da kanta. Da na je gaishe ta sai ta miƙo mini ƙwarya ɗaure da tsohon ɗankwalinta.

"Wagga ba taki ba ce," ta ce. "Ta jikata ce. In Allah Ya sauke ta lahiya, ki yi mata miyar jego da ita, yadda na yi miki. Ki rataye ta inda hayaƙi ke kaiwa, kina hiddo ta rana lokaci-lokaci. Kada ki sa ta cikin akwatin ga naki, kin jiya?"

Na ce na ji. 'Yar tawa ma tana wurin, ta ji da kunnenta, har tana tsokanar Inna cewa ta fara ƙirga tattaɓa-kunne tun ba a kai amarya ba.

Inna ta rasu da daminar nan. Bayan an share makoki na dawo gida na dubi ƙwaryar. Gidana ba murhu, ba ragaya, ba hayaƙi. Na ji tsoron ƙwari, na ji tsoron ɓera, kuma na san kaina, ba zan tuna da fitar da ita rana ba. Sai na ce a raina, tsohuwa ba ta san aikin sanyi ba ne, abin da ke riƙe ɗanyen nama wata uku ai ba zai kasa busasshiyar daddawa ba. Na sa ƙwaryar yadda take da ɗankwalinta can gindi, na jera nama da kifi da robobi a sama. Har daɗi na ji, ina ganin na girmama ta.

Da bazara ta zagayo, 'yata tana da ciki wata bakwai, aka ɗauke wuta. Mun saba, muka ce yanzu za ta dawo. Aka wuni, aka kwana, shiru. A rana ta biyu na dawo daga lakwal na tarar ledoji sun saki, sai na ɗaura zane na shiga ceto. Na soye naman duka, na tafasa miya na aika wa maƙwabta kwano-kwano, kifin da ya fara canzawa na zubar. Zafi kamar a tanda, gumi har cikin ido. Da na kai ƙasa na hango ɗankwalin Inna, ƙanƙara tana manne da shi har lokacin. Na tuna sarai na ce, wannan busasshe ne, ba abin da zai same shi, bari in huta tukuna. Na rufe murfin na je na kwanta. Washegari akwai jarrabawar yara, jibi ma haka.

Sai rana ta biyar na sake buɗewa. Duk ƙanƙarar jikin bango ta narke, ta haɗu da jinin nama da ruwan kifi ta taru a gindi, ƙwaryar tana zaune a ciki. Na kwance ɗankwalin. Daddawar ta jiƙe ta haɗe wuri guda, fumfuna ta rufe ta, kore da fari. Warin da ya taso ba warin nan ba ne da nake gudu ina yarinya, wannan na mushe ne. Na kankare, na baza a faifai, na yi ta shanya kwana uku ina korar ƙuda, ina dai yaudarar kaina. A ƙarshe na haƙa rami a bayan gida na binne, na wanke ɗankwalin na ajiye. Na yi kuka ranar fiye da wanda na yi ran jana'iza, kuma ban gaya wa kowa ba.

'Yata ta zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, Allah Ya sauke ta lafiya, aka samu mace. Na je kasuwa na zaga masu daddawa duka, na sayi wadda aka ce ta fi, na ƙara dunƙulen kanti biyu, na yi miya da naman kai da yaji. Na kai mata ɗaki na tsaya ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ta yi loma ɗaya, ta yi ta biyu, ta dube ni. Yarinyar da ta tashi tana hutu wurin Inna ba za a ruɗe ta da miya ba. Na zauna bakin gado na faɗa mata komai, tun daga ƙwarya har rami.

Ta dubi jaririyar. Sai ta ce, "Ba komai, Mama. In na gama wanka sai ki koya mini yadda ake yi, mu yi tamu."

 Na ce mata ban iya ba.

Yanzu a kasuwar Madarumfa ba abin da babu, dunƙule kala-kala, tumatirin gwangwani da na leda, kuma 'yan matan da nake koyarwa da yawansu ba su taɓa ganin ragaya ba. Ban ce zamanin da ya fi ba, na ga yadda hayaƙi ya cinye idon Inna. Firigon yana nan yana gurnani, Lahadi mai zuwa ma zan cika shi. Amma na sa an gina mini murhu a lungun bayan gida, kuma bana ita ce bazara ta uku da nake gwada yin daddawa. Ta farko ta yi tsami, ta biyu ta yi ɗaci. Maƙwabciyar Inna ta faɗa mini duk abin da ta sani, da na tambaye ta kwana nawa, sai ta ce ai hancin Inna ne ke faɗa.

Tukunyar bana yau kwananta uku a rufe. Da safe kafin in tafi lakwal na je na tsuguna, na ɗaga gefen faifai, na kai hancina yadda take yi. Na shaƙa, na sake shaƙa. Wari dai na ji, kuma ban san ko shi ne wanda take kirana in zo in ji ba.