Ranar Da Jirage Suka Jira Mal-sun

Mu mutanen Sinwol ba ma ƙarasa magana a numfashi ɗaya. Unguwarmu tana ƙarƙashin hanyar jiragen sama na filin jirgin Gimpo, don haka ko zagi kake yi, da jirgi ya taso sai ka kama bakinka, in ya wuce ka koma farko ka sake. Haka muka tashi, kuma wannan ɗabi'ar ce ta kusa hana Gu Mal-sun shiga jami'a.

Shagonta na mandu, ƙullin fulawar nan mai nama, yana manne da nawa na wanki da guga. Tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka kai ta masana'antar ɗinki, don ƙannenta maza su yi karatu. Sai da ta aurar da 'yarta Yong-hui ta koma ajin manya, ta samo takardar sakandare, ta ce kuma sai jami'a. Sashen da take so ba ya ɗaukar wanda bai ci Turanci ba. A takarda kam ba ta da matsala, amma a jarrabawar sauraro da an kunna muryar Turawa a lasifika sai ta ɓace. Sau biyu tana faɗuwa, ta rantse in ta faɗi na uku ta haƙura har abada, kuma Mal-sun ba ta rantsuwar banza.

Mijinta Pil-gu, tsohon direban bas, shi ya gano ciwon. Wata rana tana naɗa mandu, rikoda na zuba Turanci, jirgi ya taso, sai ta kai hannu ta tsayar.

"Maman Yong-hui, me kika yi yanzu?"

"Jira nake ya wuce mana."

"A ɗakin jarrabawa ma haka kike, ko? Kalma ɗaya ta kuɓuce miki, ki saki baki kina jiran Bature ya koma farko? An ce miki ɗan Sinwol ne?"

"Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa da Turanci, ka zama malami?"

Ta faɗa dai, amma ta san gaskiya ya faɗa. Washegari ya sa filaya ya cire wa rikodar maɓallin tsayarwa. Bai tsaya nan ba, ya bi layinmu shago shago yana roƙo kada kowa ya ƙara maimaita mata magana. Ni abin ya fi damuna, domin hira da ita ce abincina. Ina cikin ba ta labari jirgi zai taso, in ci gaba da motsa baki, in ƙi komawa.

"Me kika ce surukar taki ta yi?"

"Yaya, ya wuce. Kama na gaba."

Ta yi fushi da ni har ta daina aiko min da mandu. Amma a hankali ta koyi barin abin da ya wuce ta cafke na gaba, ta cike gurbin da hankalinta. Kafin kaka ta ƙare tana gyara wa mai maganar cikin rikoda zance a cikin rugugin jirgi.

Ranar jarrabawa, kamar kowace shekara, aka dakatar da tashi da saukar jirage a lokacin sauraron Turanci, don kada ƙararsu ta dami masu jarrabawa. Bayan azahar unguwa ta yi tsit. Na fito ƙofar shago na tarar da Pil-gu tsaye da hularsa a hannu yana kallon sama. Tsoro ya cika ni, don ban san ko kunnen da ya saba da hayaniya zai iya da shiru ba.

Ya iya. Da sakamako ya fito ta ci Turanci har da rara, jami'a ta kira ta. Ranar duk layin ya ci mandu kyauta, ni kuwa na yi kuka ban ji kunyar kowa ba. Na tambaye ta yadda shirun ya yi mata.

"Har numfashin matar da ke cikin lasifika na ji," in ji ta, tana juya tukunya. "Ke, tun ina goye nake yin shiru jirgi ya wuce. Ran nan shi ya yi shiru na wuce."